Mai Gudun Asuba na 'Yankuzo

Hausawa sun ce, in ka ga ƙi gudu, to, sa gudu ne bai zo ba. Watau a ganinsu babba ba ya gudu sai da dalili, ko dai an koro shi, ko kuwa shi ne ya biyo wani abu. Yaro ya yi gudu wurin wasa, mafarauci ya yi gudu bayan zomo, amma magidanci mai hankali tafiya ya ke yi a natse, ko da ana ruwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da mutanen 'Yankuzo, cikin ƙasar Tsafe ta Jihar Zamfara, suka daɗe suna yi wa wani malamin makaranta na garinsu kallon wanda ya sami taɓuwa. Kullum in an idar da sallar Asuba sai a gan shi ya ɗaura takalmi ya kama gudu, ba mai korarsa, shi kuma ba ya korar kowa.

Malamin nan saurayi ne, bai kai shekara 30 ba. Lissafi ya ke koya wa yara, da damina kuwa ya yi noma kamar kowa. Mafarin abin shi ne wata rana ya je Gusau, ya tarar ana nuna tseren famfalaki na Ikko, watau Legas, a talabijin. An fara wannan tsere a 2016, kuma a cikin watan Fabrairu a kan yi shi. Ya ga mutanen Kenya da na Habasha sun yi gaba kamar barewa, bayansu kuma ga dubban mutane, tsofaffi da mata da masu teɓa, kowa yana jan jikinsa don dai ya kai ƙarshe. Waɗannan na baya su ne suka ɗauki hankalinsa. Ya ce a ransa, in Allah Ya yarda shi ma sai an ƙirga da shi.

Nisan wannan tsere kilomita 42 ne da mita 195, kamar dai mutum ya tashi daga Tsafe ya doshi Gusau, ko kusa da haka. Asalinsa daga ƙasar Girka ne, inda a ke ba da labarin wani manzo da ya sheƙa daga filin yaƙi zuwa birnin Atina don ya kai albishir ɗin nasara. An sa shi cikin wasannin Olamfik na farko a 1896. A wasannin Landan na 1908 ne aka auna mil 26 da yadi 385, a 1921 kuma aka tsai da wannan ya zama ma'aunin duniya duka. Baƙar fata na Afirka da ya fara cin zinariya a cikinsa shi ne Abebe Bikila, sojan Habasha, wanda ya yi shi a birnin Rum a 1960 ba ko takalmi, cikin awa 2 da minti 15. Duk wannan malamin ya karanta ya haddace. Abin da bai sani ba tukuna shi ne, ba ranar tsere a ke yin tsere ba. Ana yinsa ne a watannin da suka gabace ta.

To, tun da ya ke a Fabrairu a ke yi, ba makawa sai mai shiri ya ratsa hunturu. Masu gudu na Ingila da Amurka, da ya ke manyan tseren Landan da Boston a Afrilu a ke yinsu, da ƙanƙara da santsi su ke fama wajen shirinsu. Na ƙasar Hausa kuwa da ƙura ya ke fama. Daga wajen Nuwamba iska ta kan juyo daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar Hamada, musamman daga wani kwari da ke ƙasar Cadi inda dā can tafki ya ke, ta zo ta shimfiɗa hazo a kan gari har rana ta koma kamar faifai. Da asuba sanyi ya kan sa haƙora su kaɗa, da azahar kuma rana ta buɗe. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, hanci ya bushe har ya haɓo, mura da tari su bi gida gida. Amma duk da haka babu lokacin da ya fi shi daɗin gudu, don an gama aikin gona, ƙasa ta bushe ba taɓo, ga abinci a rumbu, zafin bazara kuma bai iso ba. Mai gudu in ya bar hunturu ya wuce shi, shekara ce ta wuce shi.

Ranar da malamin ya fara fita, sai da ya ta da gari. Tun da sauran duhu ya fito, ya biyo ta bayan kasuwa a guje. Ƙasar Tsafe kuwa ta sha wuya a hannun 'yan bindiga shekara da shekaru, har ya zamana in an ji sawun mai gudu da asuba ba a tambayar dalili. Wata mata da ta fito ɗiban ruwa ta hange shi, ta yar da tulu ta yi cikin gida tana salati. Kafin ka ce kwabo mata sun goya 'ya'ya, maza sun fito da abin da ya sawwaƙa, ana ta tambayar ta ina suka shigo. Da aka gane abin da ya faru, mai unguwa ya aika aka kira shi.

Ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa. Mai unguwa ya dube shi, ya ce, "Malam, kai da ke koya wa 'ya'yanmu hankali, kai ne yau za ka sa mata su yi ɓari?"

Malamin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure, a gafarce ni. Ban yi tunanin haka ba."

Aka yi masa sharuɗɗa uku. Kada ya fita sai gari ya waye sosai, har a iya shaida fuskar mutum. Ya riƙa sa riga mai launi guda wadda kowa zai san shi da ita. Sa'an nan kada ya yi nisa da gari, ko da sunan wasa. Ya amsa duka. Ya sami wani mai babur, suka auna wata 'yar kewaya da ta tashi daga filin makaranta, ta bi gefen kasuwa, ta gangara bakin gonaki ta komo, aka sami kilomita 2 daidai. A kan wannan 'yar hanya duk sauran labarin ya faru.

A shekarar farko gaggawa ta ci shi. Bai fara ba sai Disamba ta kama, da ya duba kalanda kuwa ya ga kwana ya ƙure. Makon farko ya yi kilomita 20, na biyu ya yi 35, na uku ya haura 50. Numfashinsa ya yi ta daɗa kyau, har yana jin kamar ba ya taka ƙasa. Sai ƙwaurinsa na hagu ya soma ciwo. Ya ce ai tsamin jiki ne, ya shafa man zafi ya ci gaba. Ciwon ya tattaru wuri ɗaya, inda ɗan yatsa zai iya rufewa, har in ya kwanta da dare yana ji yana zuga. Da ƙyar ya yarda aka kai shi asibiti a Gusau. Likita ya duba, ya ce ƙashi ne ya soma tsagewa saboda yawan duka, kuma ba shi da magani sai hutu na wajen wata 2. Ya ƙara da yi masa bayani cewa zuciya da huhu su kan saba da aiki cikin 'yan makonni, amma ƙashi da agara da jijiyoyi sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa numfashi ya kan yaudari sabon mai gudu, ya ce masa ƙara, alhali ƙafa ba ta shirya ba. Ranar tseren wannan shekara, a zaune ya ji labarinsa a rediyo, ƙafa a miƙe a kan tabarma.

Yana da wani kawu, tsoho ƙwarai, wanda a ƙuruciyarsa ya yi fataucin jakai, yana kai auduga da gyaɗa Gusau a zamanin da jirgin ƙasa ke kwasarsu zuwa kudu. Tsohon ya zo dubiya, ya zauna ya saurari labari duka, sa'an nan ya yi dariya.

Ya ce, "Ɗan nan, duk lissafin da ka iya bai kai na jaki ba. Mu in mun sayi sabon jaki, ba mu aza masa taiki cike ran farko. Mudu kaɗan za mu sa, ya je ya dawo. Bayan kwana bakwai mu ƙara. In mun yi zango uku masu nisa, na huɗu sai mu gajarta, a duba kofato, a duba gadon baya. Wanda ya ƙi haka, a hanya ya kan bar jakinsa, ya ɗauko kayan a ka."

Malamin ya ce, "Kawu, ashe ni ne jakin, ni ne kuma mai jakin."

Tsohon ya ce, "To, ka ga ka fara ganewa."

Daga baya da ya koma bincike, sai ya tarar abin da masu horad da 'yan gudu ke faɗa bai bambanta da na Kawu ba. Su kan ce kada ƙarin da mutum zai yi a mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata, in ya hau mako uku kuma na huɗu ya sauko, don a lokacin hutu ne jiki ke gyara abin da aiki ya ɓata, ya ƙara masa ƙwari.

Da shekara ta kewayo ya sake shiri. Duk damina bai bar gudu ba, amma kaɗan kaɗan, don kada ƙafa ta manta. Da kaka ta kama, a farkon Oktoba, ya sayi sabon littafin rubutu ya ja layuka. Makon farko kilomita 30, na biyu 33, na uku 36, na huɗu ya sauko 27. Ya sake hawa, 40, 44, 48, ya sauko 36. Haka ya yi ta yi kamar mai hawan tsani, har tsakiyar Janairu ya kai 70 a mako. Kwana biyar ya ke gudu, biyu ya huta, Jumma'a kuwa ba ya fita ko kaɗan. Ran Lahadi ita ce ta dogon zango, wanda ya faro daga kilomita 12, ya yi ta ja har ya kai 32. Mafi yawan gudun a hankali ya ke yinsa, yadda in ya gamu da dattijo zai iya gaishe shi har ya tambayi iyali ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Samari su kan yi masa ba'a, su ce wannan ai sassarfa ce, ko kaza ta fi shi sauri. Ba ya tanka musu.

Hunturu kuma ya koya masa nasa darasi. Ya gane cewa tsoka mai sanyi kamar busasshiyar fata ta ke, in an ja ta da ƙarfi sai ta yage, don haka ya kan fara da tafiya, sa'an nan sassarfa, sai jiki ya yi ɗumi ya saki ƙafa. Riga biyu ya ke sawa, da safa a hannu, in ya yi kewaya biyu ko uku ya tuɓe ta sama. Man kaɗanya ya zama abokin tafiyarsa, ya shafa a leɓe da ƙofar hanci da dunduniya da matsematsi. Ya gane kuma cewa ƙishirwar hunturu munafuka ce. Iska ta kan shanye gumi tun bai tsatsafo ba, mutum ya ga rigarsa a bushe ya zaci bai rasa ruwa ba, sai ya dawo gida ya ga gishiri ya yi fari a goshinsa, kai kuma ya kama sarawa. Tun daga nan ya kan ajiye gorar ruwa da ɗan gishiri da sukari a gindin wata bishiyar kuka, da dabino kaɗan, duk kewaya biyu ya kurɓa ko bai ji ƙishi ba. In ya dawo ga kunun gyaɗa da ƙosai, da rana fura da nono, da dare tuwon dawa. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen filin makaranta, sai ya ɗaure hanci da ƙyalle ya rage tafiya, ko ma ya fasa, don mai gudu ya fi mai zaune shaƙar iska ninkin ba ninkin, ƙurar kuwa huhu ta ke sauka.

Amma abin da ya fi sanyi da ƙura wuya shi ne kewayar nan. Kilomita 32 a kan hanya mai kilomita 2, watau sau 16 ke nan zai wuce kasuwa ɗaya, da kuka ɗaya, da rijiya ɗaya. Tun yana ƙirgawa da ka har ya riƙa ruɗewa, sai ya koma zuba tsakuwa a aljihu, duk kewaya ya jefar da ɗaya. Akwai wasu almajirai da ke jin ɗumin wutar kara a ƙofar makarantarsu, suna karatun safe. Da suka lura, sai suka karɓi aikin, in ya ɓullo su ɗaga murya gaba ɗaya, "Malam, tara!" ko "Malam, saura uku!" Matar nan ma da ta fasa tulu, ta koma in ya wuce sai ta ce, "Sannu da aiki, Malam," kamar yadda a ke gai da mai noma.

Ana cikin haka, a farkon Janairu, aka kai hari wani ƙauye da ke kusa. Mutane suka kwararo cikin gari da tabarmi da 'yan ƙullin kaya a ka, wasu ba ko takalmi, suka cika makaranta. Kwana takwas malamin bai yi gudu ba, yana cikin masu ɗebo ruwa da raba abinci. A daren na takwas ya ɗauko takalminsa yana kaɗe ƙura, sai mahaifiyarsa ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Kai yanzu ba ka jin kunya? Ga bayin Allah sun yi gudun ceton rai, ƙafafunsu duk ƙaya, kai kuma za ka fita kana gudun ganin dama a gabansu?"

Ya yi shiru har ta zaci ba zai amsa ba. Can ya ce, "Inna, ni ma na yi wannan tunani. Amma yaran da na ke koya wa karatu, tun da suka yi wayo ba su taɓa ganin babba yana gudu ba sai da tsoro a fuskarsa. Ina so su ga wani iri. In kin ce in bari, na bari."

Ta daɗe tana dubansa, sa'an nan ta ce, "Allah Ya tsare. Amma kada ka wuce kuka." Ta saki labule.

Da safe ya buɗe littafinsa, ya ga layin mako guda ba kome a ciki, zuciyarsa ta ce masa ya haɗa na jiya da na yau. Ya je ya gaya wa Kawu. Tsohon ya ce, "Gudu ba azumi ba ne, balle ka ce za ka rama. Abin da ya wuce ya wuce. Koma inda ka tsaya, ka ma ɗan ja baya kaɗan." Haka ya yi. Da ya rage mako uku kuma ya soma rage tafiya da gangan, don ƙafa ta isa wurin tsere da sauran ƙarfinta.

Ya sayar da buhun wake biyu ya yi kuɗin mota. Ikko ta karɓe shi da abin da hunturu bai koya masa ba, watau iska mai nauyi da laima, wadda gumi ba ya bushewa a cikinta. Aka tashi da sassafe daga babban filin wasa na Surulere, aka hau doguwar gadar nan da ta ratsa ruwa fiye da kilomita 11. Mutumin da ya yi wata huɗu yana kewaya kuka ɗaya, yau ga shi a kan hanya miƙaƙƙiya, ruwa dama da hagu, ba mai tambayarsa abin da ya koro shi. Ya ga waɗanda suka fyalla da farko suna zaune a gefen titi suna riƙe da ƙafa, ya wuce su da sassarfarsa ta kaza. Bayan kilomita 32, inda bai taɓa kaiwa ba, ƙafafunsa suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Sai ya daina tunanin kilomita 10 da suka rage, ya ce a ransa kewaya biyar ce kawai. Ya ƙirga su ɗaya ɗaya da muryar almajiran nan, har ya taka layi, cikin awa 3 da minti 52. Mutanen Kenya da na Habasha sun daɗe da karɓar kyautarsu. Shi abin da ya samu lambar ƙarfe ce mai igiya, irin wadda a ke ba duk wanda ya gama.

Da ya komo gida ya kai wa Inna lambar, ta jujjuya ta, ta ce, "Buhu biyu ke nan?" Amma ta rataye ta a ɗakinta, kusa da jeren kwanoni, inda duk mai shigowa zai gani.

Da hunturu ya sake kamawa, ba shi kaɗai ya fito ba. Yara shida suka biyo shi, da samari biyu daga cikin masu yi masa ba'a. Ranar farko kewaya ɗaya tak ya bar su suka yi. Suka yi ta roƙo a ƙara, ya ce sai mako mai zuwa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Babban gurinsa dai bai wuce ya ga ranar da zai jera da yaran nan su bar kuka a baya, su miƙe hanya har Tsafe, ba tsakuwa a aljihu, ba mai yar da tulu. Allah Ya kawo wannan rana, Ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, amin.